Zauren Malam: Manhajar Waya A Kan Kwamfutar Tebur

A wannan wata za mu taɓo wata magana da iyayen yara suka sha tare mu da ita a ƙofar masallaci a nan Agoè-Zongo. Cewa suke yi, "Malam, yaro ya ce darasinsa yana cikin waya. In mun ba shi, ya kwana yana kallon shirme, in mun hana shi, ya ce mu muka kayar da shi jarrabawar BEPC." To, ina mafita?

Mu dai a ganinmu mafitar tana nan jibge a wasu gidajenmu, ƙura ta lulluɓe ta, wato tsohuwar kwamfutar tebur. Akwai wata manhaja mai suna BlueStacks, wadda wani kamfanin Amurka ya fitar a 2011. Aikinta shi ne ta kwaikwayi wayar Android a cikin kwamfuta. In an saka ta, sai a shiga Play Store da adireshin Gmail, a sauko da ƙamus na Faransanci, ko manhajar lissafi, ko ta karatun Alƙur'ani, kamar dai yadda ake yi a waya. Sai dai tana son kwamfuta mai RAM giga 4 a ƙalla, da fili giga 5. In ta kama tafiyar hawainiya, a kai wa mai gyara ya kunna sashen kwaikwayo a cikin BIOS.

Shi kuwa WhatsApp, inda malamai ke aika aikin gida, ba ya bukatar wannan wahala. Tun 2015 ake buɗe shi a kwamfuta, in an haska lambar QR da wayar mai shi. Haka kuma kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai sa muku irin tsarin da Microsoft ya yi wa Windows 11, domin kamfanin ya daina kula da shi tun watan Maris na 2025.

Amfanin abin a fili yake. Waya aljihu take shiga, har ta shige ƙarƙashin bargo. Kwamfuta kuwa a falo take, allonta faffaɗa. Ko uwar da ba ta taɓa zama a aji ba, in ta gifta ta san bambancin lissafi da wasan ƙwallo.

Amma fa a yi hattara, rigakafi ya fi magani. Harkar kuɗi, Flooz ne ko Mixx by Yas, a bar ta a waya tare da layinta, kada a rubuta lambar sirri a na'urar da kowa ke taɓawa. Kada a sauko da manhaja daga shafin da ba a sani ba. Kuma duk maigidan da ya haɗa WhatsApp ɗinsa da kwamfuta, ya cire shi in an gama, in ba haka ba yara su karance sirrinsa kaf.

Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, aka maido su nan. Gini ya tafi, amma abin da ke kansu bai tafi ba. Don haka a kakkaɓe kwamfutar nan, a ajiye ta inda ido ke kaiwa, a yanka wa yaro lokaci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wani watan, in Allah ya kai mu.