Bencin Baya na 'Yan Mata ne Kaɗai?

A wannan mako za mu fito da maganar da muke raɗawa a bakin ƙofar majami'a, amma muke jin nauyin faɗa a ciki: tubar da muke tilasta wa marasa ƙarfi, mu ɗauke wa masu hannu da shuni.

Duk mun san yadda ake yi. 'Yar zumuntar matasa ta yi ciki ba aure. Dattawa su zauna, ranar Lahadi a kira ta gaban ikilisiya, ta sunkuyar da kai ta furta laifinta. A sa ta horo, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ta jibin Ubangiji, ta koma bencin baya tana ɓoye fuska da gyale. Saurayin kuwa? Ya tafi birni neman aiki, ko ya koma majami'ar unguwar gaba, ana ba shi ganga yana kaɗawa.

Ba horo muke ƙi ba. Manzo Bulus ne ya umarci ikilisiyar Koranti da shi. Amma ku buɗe 1 Korantiyawa sura 5 ku duba da kyau: wanda aka hora ɗin namiji ne. A surar nan kuma Bulus ya jera mai haɗama da mazambaci a layi ɗaya da mai fasikanci. Mu ne muka yanke jerin, muka riƙe abin da ciki ke tonawa, muka saki abin da aljihu ke rufewa.

Yaushe rabon da mu ga an tsayar da ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse? Ko wanda ya ƙwace gonar matar ɗan'uwansa tun ba a share makoki ba? Ko mai shagon da ya danne albashin yaransa wata da watanni? Irin waɗannan sukan fito gaban bagadi a taron farfaɗowa, su share hawaye, su yi alkawarin buhunan siminti don ginin majami'a, mu tafa. Gwauruwar tana zaune can gefe, ita ma tana tafawa don kada a ce ba ta da gafara.

Zakka bai yi haka ba. A Luka sura 19, shugaban masu karɓar harajin Yariko da kansa ya yanke wa kansa hukunci: rabin dukiyarsa ga matalauta, duk wanda ya zambata kuma ya mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya yi maganar ceto a gidansa. Ninki huɗun nan yana da asali, Fitowa sura 22 ta ɗora wa ɓarawon tunkiya biyan tumaki huɗu. Dauda ma sarki ne, mai sojoji da fada, duk da haka annabi Natan ya shiga har gabansa ya nuna shi da yatsa a kan Batsheba da jinin Uriya. Daga wannan tsawatawa aka sami Zabura 51. Da Natan ya tsaya lissafin baikon sarki, da ba mu da ita.

Za a ce mana, Allah ne ke ganin zuciya, wa ya naɗa ku alƙalai? Mun yarda. To me ya sa ba a tuna da wannan sai in laifin na babban mutum ne? Ranar da aka tsayar da yarinyar, ba wanda ya ce a bar wa Allah zuciyarta.

Mu matasa ma kada mu kuɓutar da kanmu. Cikinmu akwai masu takardar da satar amsa ta ba su, akwai masu bashin da suka toshe lambar mai shi, muna kuma fita gaba muna ɗaga hannu a waƙar tuba.

Ga roƙonmu ga fastoci da dattawan da ke cikin wannan zaure. In furci a gaban jama'a wajibi ne, a kira saurayin tare da yarinyar, a kira mai gonar da ba tasa ba. In kuwa za a iya sauraron babban mutum a ofishin fasto a rufe ƙofa, to a sa wa yarinyar kujera a ofishin nan. Kafin a karɓi simintin kuma, a tambaye shi ko ya mayar wa gwauruwar gonarta kafin damina ta faɗi.