WA YA RAƊA WA KANNYWOOD SUNA?

Jama'a, ku je tashar Jibiya ku tambayi direbobin Maraɗi abin da ake kallo a can. Za su ce muku fim ɗin Hausa, wato Kannywood. To, wannan suna ba gwamna ne ya raɗa shi ba, ba minista ba. Sunusi Shehu ne ya ƙago shi a mujallar Tauraruwa cikin 1999, ya ɗauki Kano ya liƙa mata wutsiyar Hollywood ta Amurka. Nollywood ma sai a 2002 aka ji ta. Sana'ar kuwa samari ne suka kafa ta da guminsu, tun daga Turmin Danya a 1990.

Da me mahukunta suka saka musu? Hukumar tace finafinai a 2001. Kurkuku ga Adam Zango a 2007, ga Iyan-Tama a 2008. Ƙauyen fim na Kofa da aka yi alkawari a 2016, aka soke shi. A 2019 aka rufe kan iyaka, ba a buɗe Jibiya ba sai 2022, talaka mai cin abinci da hanyar Maraɗi ya sha wuya.

Amma da zaɓe ya ƙarato, su ne a ƙofar 'yan fim suna neman waƙa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Mu dai muna cewa: wanda ya ɗaure uban yaro ba ya zuwa cin tuwon suna. Talakawa, ku riƙe wannan ranar ƙuri'a.