Kwalba a Kan Gawar Ɓauna: Murnar Wa Muke Ara?



Damina ta kawo kai. Sansanonin farauta da ke kewaye da dazuzzukan Binuwai da Faro da Buba Njidda sun rufe, baƙin Turawa sun hau jirgi sun koma ƙasashensu, yaranmu da suka yi rani suna yi musu tuƙi da girki da fiɗa da bin sawu sun dawo Garwa. Kowace shekara sukan dawo da ɗan abin hannu da labarin daji. Bana sun ƙaro da wani abu da ya hana ni barci.

Wata Laraba da la'asar ina zaure ina shirya wa Maigida takardu, sai na jiyo samari a ƙofar gida suna musu, murya sama. Na ɗauka ƙwallo ce. Ashe gardama suke a kan wace wuski ce ta fi dacewa a sha idan an kayar da ɓauna. Wannan ya ce Glenfiddich, tunda kan barewa ne a jikin kwalbar. Wancan ya ce The Famous Grouse. Wanda ya yi wa Ba'amurke aiki ya ce duk su kauce, Wild Turkey ce gaba. Na tabbata galibinsu ba su taɓa kai ta baki ba, sunaye kawai suka haddace. Amma akwai wanda ya kai, kuma ɗan aminina ne marigayi, maharbin da ya ciyar da rabin layinmu da bakansa. Da na kira shi gefe, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Baffa, ai al'adar farauta ce, ko'ina a duniya haka ake yi."

Da wannan magana nake faɗa yau.

Ba zan tsawaita a kan hukunci ba, domin ko yaron makarantar allo ya san shi. Abin da zan tuna muku ɗaya ne: a Suratul Ma'ida, ayar da ta haramta giya ita ce ta 90, ayoyin da suka yi magana a kan farauta kuwa su ne na 94 zuwa 96. Taku huɗu ne tsakaninsu. Wanda ya halatta mana naman daji, a wuri guda Ya hana mu abin da yaron nan ke kira al'adar farauta. Wannan ya isa ga mai neman hukunci. Sai dai yaranmu sun san hukuncin sarai. Abin da ya ja su shi ne ganin cewa kwalbar nan alama ce ta girma da wayewa. To, bari mu bi sawun girman nan zuwa inda ya fito.

Gidan wuski shi ne Sukotlan da Ailan, can arewacin Turai, ƙasashen sanyi da hazo. Sunan ma daga tsohon harshensu ya fito, ma'anarsa "ruwan rai". Da sha'ir ake yin ta, a jiƙa shi ya tsiro, a busar, wani lokaci da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da suke ƙonawa kamar gawayi. Dokarsu ta ce ba a kiran ta wuskin Sukotlan sai ta kwana shekara 3 aƙalla a gangar katako a cikin ƙasar, kuma barasar da ke cikinta ba ta kasa kashi 40 cikin 100 ba. Ta Amurka, irin su Wild Turkey, dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsinta. Ita wannan, labarin da masu ita ke bayarwa shi ne, a 1940 wani babban ma'aikacin kamfanin ya tafi da ita farautar talo-talon daji, abokansa suka riƙa tambayarsa ita da sunan tsuntsun, sunan ya bi ta. Glenfiddich kuwa masu ita sun fassara sunan da "kwarin barewa". The Famous Grouse sunan wani tsuntsu ne mai kama da makwarwa, wanda ake buɗe harbinsa ranar 12 ga Agusta kowace shekara a Birtaniya.

Kun ga ke nan ba banza dabbobin nan suka hau kwalba ba. Talla ce, kuma tana da tarihi. A 1848 Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat suka fara zama a gidan Balmoral cikin tsaunukan Sukotlan, a shekarar suka ziyarci gidan yin wuski na Lochnagar da ke maƙwabtaka da su, a 1852 aka saye musu wurin. Daga nan harbin barewa a tsauni ya zama yayin attajiran Ingila. A 1851 mai zane Edwin Landseer ya zana wani ƙosasshen namijin barewa a kan tsauni, hoton da daga baya kamfanin wuski na Dewar ya saya ya yi talla da shi. Haka aka ɗaura auren kwalba da ƙaho.

Amma ku tambaya: tsaunukan nan da babu kowa sai barewa, ina mutanensu? An kore su. Tun daga ƙarni na 18 har tsakiyar na 19 masu ƙasa suka riƙa tayar da talakawa manoma daga kwaruruwansu don a zuba tumaki. A Strathnaver, a 1814, har gidaje aka cinna wa wuta. Wasu suka gangara bakin teku, wasu suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya. Da kasuwar tumaki ta faɗi, aka mai da filayen dajin barewa, har suka haura eka miliyan 3 kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗan ƙasar da ya rage, shi ne ke bin sawu, ya ɗauki bindigar maigida, ya jawo gawar daga tsauni. Sunan da suke kiransa da shi a harshensu ma'anarsa "yaro", kamar yadda ake cewa boyi. In ya kashe barewar nan don tukunyar gidansa, ɓarawo ne a gaban doka. In maigida ya kashe, sai a buɗe kwalba, a ɗiga masa kaɗan.

Yanzu ku dawo da idonku gida. Wane ne ke tashi da asuba ya karanta sawun ɓauna da gwanki da kanki a kan busasshiyar ƙasa? Wane ne ke gane inda iska ta dosa, ya kai baƙo har inda harsashi zai isa? Wane ne ke fiɗa, ya yi wa fata gishiri, ya dafa ƙwaryar kai ya goge ƙaho? Kuma wa ke tsayawa da bindiga a kan gawar a ɗauki hoto, a bangon wa ƙahon zai rataya? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bafulatanin da shanunsa suka ƙetare iyakar yankin, da maharbin ƙauye da ya bi gada zuwa ciki, kowa ya san abin da suke gamuwa da shi. Kofin nan da ake ɗagawa da magariba a bakin wuta murnar wanda ya mallaki dajin ce. Yaron da ya karɓi ɗigon da aka rage masa ya ɗauka ya shiga sahun manya, alhali matsayin da aka ajiye shi ya sa wa hannu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce kuɗin baƙin nan ne ke biyan masu gadin daji, wani kaso yana zuwa ga ƙauyuka, kuma yaranmu na samun aiki. Gaskiya ne, ban musa ba. Ban manta da 2012 ba, shekarar da mahaya ɗauke da manyan bindigogi suka kashe giwaye ɗaruruwa a Buba Njidda. Daji yana bukatar tsaro, a nan Garwa ma akwai makarantar horar da masu kula da namun daji tun 1970. Ban ce kowa ya bar aikinsa ba, ban kuma ce a ci mutuncin baƙo ba. Shi da addininsa, shi da al'adarsa. Aiki aka ɗauke ka, ƙarfinka da saninka aka saya. Ba a sayi maƙogwaronka ba.

Za a kuma ce ai kakanninmu Maguzawa sun sha burkutu bayan farauta, maƙwabtanmu na shan bilbil har gobe. Wannan ma gaskiya ne. Amma kakannin nan su ne suka ajiye ƙwaryar da hannunsu ranar da suka fuskanci gabas, kuma farautar ba ta mutu ba don an ajiye ta. Abin da ya rage shi ne ainihin murnar.

Na ga murnar nan da idona ina yaro. Maharbi ba ya sakin kibiya sai ya ambaci sunan Allah. In ya samu dabbar da sauran rai, ya yanka. Kafin ya iso bakin gari labari ya riga shi, mai komo ya ɗauki komonsa, yara sun fita tarye, ana yi masa kirari yana amsawa. A zube nama a kan ganye a raba: ga na Maigida, ga na liman, ga na wanda ya fara jifa, ga na mai kare, ga na tsohuwar da ba ta da kowa, ga na mai jego. Daren nan babu gidan da hayaƙinsa ba ya ƙamshi. Girman maharbi ana auna shi da yawan tukwanen da ya ɗora. Malamanmu na Risala sun karantar da mu cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don bukata kuwa halal. Mahaifin yaron nan bai taɓa rataya ƙaho a bango ba, amma ranar jana'izarsa layi bai ɗauki jama'a ba.

Kada in zama gwano da ba ya jin warin jikinsa. Mu ma mun ɓata namu. Farautar gayya a wurare da dama ta koma fagen sara da gora a kan zomo guda, ana cinna wa daji wuta, samari na haɗiyar tiramol kafin su fita. Wannan ma maye ne, kuma ya fi kwalbar Bature kusa da ƙofarmu. Da mun riƙe murnarmu da mutuncinta, da yaro bai je nema a bakin wutar wani ba. Laifin dattawa a nan ya fi na yara, ni ma ina ciki.

Saboda haka ga abin da na kai gaban Maigida, kuma ya amince in sanar. Bana, kafin shuka ta kankama, za mu yi wa yaran da suka dawo daga daji walima a ƙofar gida. Za a yanka abin da ya sawwaƙa, a dama fura, a yi kunun zaƙi da zoɓo, a dafa shayi. Za a nemo tsohon da ya rage mai kiɗan komo. Kowane yaro zai tashi ya ba da labarin sawun da ya bi, a yaba masa a gaban iyayensa, domin sanin da ke kansa gado ne, kuma babu baƙon da ya zo da shi a jirgi. Ina roƙon 'yan uwa na Ngaundere da Marwa da Njamena, da duk zangon da ke da yara a irin wannan aiki, su duba ko za su yi makamancin haka.

Kai kuma ɗana, na san za ka karanta. Ban kira sunanka ba, ba kuma zan kira ba. Bakan mahaifinka da kwarinsa suna nan a ɗakina tun ranar da ya ba ni ajiya. Ka zo ka karɓa ranar walima.

Allah Ya shirya mu da zuriyarmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.