Ganin Sal ba shiga Cape Verde ba ne

Duk mai tallar hutu a Cape Verde hoto ɗaya yake nuna maka: farin rairayi, shuɗin ruwa da katafaren otal. Hoton gaskiya ne, sai dai na tsibirai biyu ne cikin goma, wato Sal da Boa Vista, inda akasarin baƙi daga Birtaniya da sauran ƙasashen Turai ke sauka. Bahaushe ya ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. A ra'ayina, wanda ya tara kuɗinsa ya kwana bakwai a cikin katangar otal ya juyo, bai ga ƙasar ba, kuma kuɗin nasa bai shiga hannun mutanenta yadda yake zato ba.

Tsibiran suna cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senegal, kuma aman wutar duwatsu ne ya samar da su. Mutanen ƙasar kusan rabin miliyan ne. Ba su da man fetur, ruwan sama ƙalilan ne, har fari da yunwa suka kashe dubban mutane a shekarun 1940, zamanin mulkin Fotugal. Bayan 'yancin kai a 1975 suka jingina da zaman lafiya, da kuɗin da 'yan'uwansu na waje ke aikowa, da yawon buɗe ido, wanda yanzu ke samar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar. Matsalar ita ce yawancin manyan otal-otal na Sal da Boa Vista na kamfanonin waje ne, kuma baƙo kan biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci a dunƙule tun yana gida. Abincin ma galibi shigo da shi ake yi. Mai kwale-kwale da mai ɗan gidan abinci a cikin gari sai dai su ga wucewar motar otal.

Kwatanta wannan da tsibirin Fogo. Dutsensa mai aman wuta, Pico do Fogo, ya kai tsayin mita 2,829, babu wanda ya kai shi a ƙasar. A gindinsa, cikin wani makeken kwari da ake kira Chã das Caldeiras, mutane ke zaune. A watan Nuwamban 2014 dutsen ya ɓarke, narkakken dutse ya malalo a hankali ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, har ya zama rufin wasu gidaje kawai ake hange. Da wutar ta lafa a farkon 2015, mutanen suka koma, suka sassaƙa baƙin dutsen da ya cinye gidajensu suka yi sabon gini da shi. Suna tona rami a cikin baƙar toka su dasa inabi, wanda akasari giya ake yi da shi, can ta gefen Mosteiros kuma ana noman gahawa. Baƙon da ya kwana a masaukin da iyali ke gudanarwa, ya ɗauki ɗan garin ya yi masa jagora zuwa ƙololuwa da asuba, ya san kuɗinsa a tukunyar wa ya faɗa.

Tsibirin Santiago, inda babban birnin Praia yake, ya fi shafar ɗan Afirka ta Yamma. A Cidade Velha, garin da Turawan Fotugal suka kafa a 1462, nan aka riƙa tara bayin da aka kamo daga gaɓar Afirka kafin a haye da su nahiyar Amurka, kuma ginshiƙin da ake ɗaure su a hukunta su yana nan tsaye a dandalin garin. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Mai son shuke-shuke kuma ya shiga jirgin ruwa daga Mindelo, garin mawaƙiya Cesária Évora, cikin kusan awa ɗaya yana tsibirin Santo Antão, inda manoma suka yanka gonaki hawa-hawa a jikin tsaunuka.

Wani zai ce ai otal-otal ɗin nan suna ɗaukar dubban ma'aikata. Haka ne, ba kuma a raina albashi. Amma a 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, an ga yadda arzikin da ya rataya a kan tsibirai biyu da baƙin nahiya ɗaya ke durƙushewa dare ɗaya. Wani kuma zai ce kwana a gindin dutse mai aman wuta ganganci ne. Amsar ita ce ana sa ido kan motsin dutsen da na'urori, kuma a ɓarkewar 2014 an kwashe mutane ba a rasa rai ba. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na sufuri, domin jirage tsakanin tsibirai kan yi jinkiri, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazon hunturu, irin wanda ke rufe Kano da Damagaram, ke isa can daga Sahara. Maganin wannan shi ne a bar rarar kwana ɗaya ko biyu a cikin shiri. Batun abinci kuwa, ƙasar ta mabiya addinin Kirista ce galibi, kuma cachupa, dafa-dukar masara da wake da suke ji da ita, sau da yawa ana sa mata naman alade. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, ko ya nemi ta kifi, wanda ba ya yankewa a can.

Cape Verde mamba ce a ECOWAS, don haka ɗan Najeriya ko Gana ba ya buƙatar biza, amma ya riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki don jami'an filin jirgi. A Janairun 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. In Allah ya hore maka tafiyar, ka ba Sal kwana biyu ka huta, sauran kwanakin ka raba su tsakanin Santiago da Fogo.