Ra'ayinmu: Tufafin Taimako Ba Tsumma Ba Ne

'Yan'uwa, ƙungiyar Salvation Army, wadda William Booth ya kafa a Landan a 1865, tana da shagunan gwanjo a Ingila da Amurka. Jama'a kan kawo tufafi kyauta, a sayar da araha, kuɗin ya tafi ga mabukata. Masu aikin sa kai a wurin kan yi ƙananan alheri: wata ta tsaya ta saurari gwauruwar da ta kawo rigunan marigayi mijinta, wani ya ninke wa matalauci kayansa da ladabi, kamar babban mai ciniki.

Mu fa? In zumuntar mata ta yi shelar tara tufafi, waɗansunmu tsummoki suke kawowa, ba wanki, ba maɓalli. Abin kunya ne. A wanke, a ɗinke, a goge tukuna. Masu rabawa kuma su daina kiran sunayen masu karɓa a gaban ikkilisiya.