Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba

Rubutun wannan makon a kan wata kalma ce da mu masu harkar kwamfuta muka mayar garkuwa: "netwok ne."

Kwanakin baya an kira mu wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da Ƙofar Mata. Layin masu karɓar kati ya fito har bakin titi, ga masu goyo, ga tsofaffi, kwamfuta kuwa sai juyawa take. Mai asibitin ya canza kamfanin intanet sau biyu, har ya fara cinikin sabuwar saba. Alhali sabar tana cikin ginin, babu abin da ya haɗa ta da intanet.

Da muka zauna muka duba, matsala biyu ce. Ta farko, ana neman majiyyaci da suna, kuma rumbun bayanan ba shi da fihirisa a kan sunaye. Duk wanda aka nema, sai injin ya bi layi-layi daga farko har ƙarshe, kamar mai neman hadisi a littafin da aka yage fihirisarsa. Ga shi a Kano suna ɗaya yana zuwa a Muhammad, Mohammed, Muhammadu ko Mamman, don haka ma'aikata suna neman guntun suna daga tsakiya, irin neman da ko akwai fihirisa ba zai amfana da ita ba. Ta biyu, akanta yana haɗa rahotonsa da safe a kan sabar da ake ba da kati, tambayarsa ɗaya ta cinye ƙarfin injin, saura su yi ta jira.

Aka sa fihirisa, aka koma nema da lambar kati ko lambar waya, aka mayar da rahoto bayan Isha'i. Ba a sayi komai ba, layi ya watse.

Ra'ayinmu shi ne: kada wanda ya ƙara ba da shawarar sayen inji kafin ya auna. Kayan aunawar kyauta ne. MySQL yana iya rubuta duk tambayar da ta daɗe, sai dai a kashe yake zuwa, kuma ma'auninsa na asali daƙiƙa 10 ne, sai ka kunna ka rage. A PostgreSQL, pg_stat_activity zai nuna maka abin da ke gudana yanzu da wanda ke jiran wani. EXPLAIN kuma zai faɗa maka hanyar da injin zai bi.

Wani zai ce ai wani lokacin injin ne ya tsufa. Gaskiya ne. Amma a tafi da hujja, kuma a tuna fihirisa ma idan ta yi yawa tana rage saurin shigar da bayani.

Ku leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tana nan tun 1498. Idan rini ya ƙi kamawa, marini ba ya haƙa sabuwar rijiya. Baba da toka yake fara dubawa.

Minti biyar a wajenmu ba komai ba ne, amma ga uwar da ɗanta ke zazzaɓi a layi, ba ƙaramin abu ba ne. Amana ce a wuyanmu.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.