Kun Kai Amarya Koriya, Kun Kwantar Da Ita A Otal

Wannan makon zan sosa mana inda ke yi mana ƙaiƙayi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Tunda finafinan Koriya suka shiga wayoyinmu, jarumanmu suka rage zuwa Dubai cin amarci, sai Seoul. Ban ƙi ba. Abin da ke ci min rai, littafi uku na karanta a watan nan, duk ukun ango da amarya na sauka sai otal: makeken gado, na'urar sanyaya ɗaki, labule har ƙasa. Goge Seoul ka rubuta Abuja, ko wasali ba zai canza ba. To wahalar jirgin ta mece ce?

Ga hanok nan, gidan gargajiyar Koriyawa, ana saukar da baƙi su kwana a cikinsa, a unguwar Bukchon ta Seoul, ko a Jeonju, ko ƙauyen Hahoe da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2010. Kai amaryarka can dare ɗaya ka gani. A kan dutsen bakin ƙofa za ta bar takalminta. Babu gado, sai siririyar katifa da ake shimfiɗawa da dare, a naɗe da safe. Daɓen ɗakin kuma da ɗumi, saboda abin da suke kira ondol: a da, hayaƙin murhun girki ne ke bi ta ƙarƙashin duwatsun daɓen kafin ya fita ta ɗaya gefen, yanzu galibi bututun ruwan zafi ne. 'Yar Kano da ta saba bin sanyin siminti, yau ƙasa ke gasa mata baya, ga ƙanƙara na zuba a tsakar gida.

Ƙofar ce ma ta fi burge ni. Katako ne aka liƙe da takardar hanji, wadda ake yi da ɓawon itace. Haske na ratsa ta, murya ma haka. Angon nan ba shi da halin daka tsawar da kuka saba ɗora masa, don baƙon ɗakin kusa na ji. Amarya in kuka ya zo mata sai ta cusa fuska a bargo. Ka rubuta wannan faɗan na raɗa, ya fi shafi goma na mari da fasa madubi.

Manyan gidajen kuma rabe suke: sarangchae na maigida da baƙinsa, anchae na mata a can ciki. Wanda ya tashi tsakanin zaure da cikin gida ai ba sai an yi masa tafinta ba, amma mu ne muka tsallake wannan muka tafi otal.

Na san za a ce ba mu da kuɗin jirgi. Wa ya ce sai an je? Datar da ake ƙonawa a kan fim mai kashi 16, rubu'inta ya isa a kalli hanok ciki da bai, a karanta yadda ake kwana a cikinsa. Lalaci ne kawai, kuma da ni a ciki, don na taɓa kai jarumi Landan ban san ko unguwa ɗaya ba.

Littafi na huɗu dai na ajiye shi a shafin da ango ya ɗaga wayar otal ya yi odar shinkafa da kaza.